Lamba Arba'in da Ɗaya

Mai Wurno aka tura ni ƙidaya,
da jakar takardu da fensir uku.
Shekarar farko tambaya ɗaya ce:
yara nawa ke aji?
Na ƙirga kawuna kamar mai ƙirgar kankana a bakin kogi,
na koma Sinnar kafin la'asar.

Shekara ta uku takardar ta rabu gida biyu,
maza dama, mata hagu.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Sai a lokacin muka ga ramin
da 'yan mata ke faɗawa bayan aji shida,
ramin da jimla ta shimfiɗa wa tabarma.

To, sai Intisar.
Lamba arba'in da ɗaya a rajistar Ustaza Nawal,
mai kujerar bakin taga,
bahaguwa, tawada har gwiwar hannu.
Babu kamarta a rabawa mai saura.
Da damina muryarta ta faɗa rijiya.
Uwarta ta sayar da awaki biyu,
suka hau motar Madani.
Likita ya duba, ya sake dubawa,
ya ce halitta ce, mata-maza,
kuma ɓangaren namiji ya rinjaya.
Aka yanka rago karo na biyu.
Muntasir.

Titi kawai ya tsallaka.
Makarantar maza na kallon ta mata,
darbejiya ɗaya ke ba su inuwa.
Taku sittin, na auna da ƙafata.

Amma ga abin da takardata ta ce:
yarinya ɗaya ta bar karatu,
yaro ɗaya ya faɗo daga sama.
Na'ura ta haɗiye, ta amayo zane,
layin mata ya ɗan sunkuya.
Dakta Siddiƙ ya ɗora masa tsinin sanda a taro:
"A binciko dalili. Talauci ne, ko nisa?"
Ina zaune can baya, na yi gum.
Dalilin yana gida
yana koyon tsayuwa a sahun maza.

Bana sabuwar takarda ta iso daga masu ba da kuɗi,
an ƙara gurbi na uku: "wani dabam".
Ofis ya kama da wuta.
Wani ya ce baƙon iri ne, ba zai tsiro a ƙasarmu ba.
Wata ta ce in aka taɓa gurabe
da me za a gwada bara da bana?
Da gaskiyarta.
In mudu ya canza, tsohon bashi rigima ne.
Ni kuwa littafin gadon kakana na tuna,
mai ganye ja kamar an tsoma a shayi.
Akwai babin khunsa a ciki, har da lissafin rabonsa.
Su da alƙalamin kara
sun bar masa wuri.

Na kai masa takardar da kaina.
Na same shi yana mayar da sarƙar keken wansa.
Ya goge hannu a wando,
ya karɓi fensir da hagu,
ya bi gurabe ukun da ido.
Bai taɓa na ukun ba. Ya ja layi a na maza.
"Wannan ba wuya," in ji shi.
"Amma Ustaza, ina gurbin da za ki rubuta
cewa shekara shida ina zuwa na ɗaya a can,
nan kuma sun mai da ni aji huɗu
don takardar shaidata sunan wata ce?"

Na juya takardar. Bayanta fari fat.
Nan na rubuta, da ƙananan baƙaƙe,
alhali na sani
na'ura ba ta karanta baya.

A rahoton ƙarshe, shafi na sha tara,
Intisar na nan cikin waɗanda suka ɓace.
Ustaza Nawal kuwa
har yau ba ta ba kowa kujerar taga ba.